Littafin mayu da na ƙwace a hannun 'yar riƙona

Anti Malama, Kawo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri, ba sharhin littafin watan nan na kawo ba, wani ne daban ya faɗo min.

Ranar Juma'a na leƙa ɗakin 'yar yayana da nake riƙo, tana aji biyu na babbar sakandare, na tarar ta kifa ciki a kan wani littafin Turanci mai kauri, har wake da na ce ta duba ya kama. Bangon baƙi, an zana yarinya riƙe da igiya, ga kalmar witch ɓaro-ɓaro. Wai ƙawarta ce ta saya wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin Kasuwar Gumi nan Kaduna, yana ta zagaya ajinsu. Na ƙwace da niyyar in duba shafi goma in samu abin yi mata faɗa. Sai ga ni ƙarfe biyun dare da fitilar waya.

Labarin wata 'yar shekara 16 ne, ita da kakarta, a bayan wani ƙauyen masunta can ƙasashen sanyi. Sana'ar tsohuwar sayar da iska. Takan ƙulla igiya ƙulli uku ta hura, masunci ya saya. In ya kwance na farko iska mai laushi ta tura masa jirgi, na biyu mai ƙarfi, na uku kuwa an hana kowa taɓawa. Da dare suke zuwa saye ta bayan gida, da rana ko sannu ba ta haɗa su. Rannan jirgi ya kife da samari huɗu, gari ya tashi wai tsohuwa ce.

Nan marubuciyar ta kama ni. Ba maƙiyi ne ya fara maganar ba, uwar ɗaya daga cikin samarin ce, kuma tsohuwar ce ta karɓi haihuwarsa. Mai burodi ta daina karɓar kuɗi hannu da hannu, sai dai a ajiye mata a tebur. Yara suna tofar da yawu in yarinyar ta wuce. Wallahi ina karantawa ina ganin gidan hayar da na tashi a Tudun Wada.

Muna da wata tsohuwa mai ƙosai, kowa Iya yake ce mata. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji, 'ya ɗaya ce budurwa. Wani yaron maƙwabta ya kwanta, cikin zafin ciwo yana ta kiran Iya, Iya. Kafin la'asar an cika tsakar gida. Aka sa ta kuskure baki aka ɗura masa, aka sa ta tuɓe zani ta tsallake shi sau uku a gaban maza da yara. Yaron ya rasu cikin dare. Ba wanda ya ƙara sayen ƙosanta. An sa ranar 'yarta, dangin mijin suka aiko a ba su kayansu. Mu yara kuwa in mun hango ta sai mu haɗa baki, kurwata kur, ki ci kanki ki sha baƙin ruwa. Har da ni. Ni ce ma mai ƙarar murya.

To ga abin da ya ɓata min rai. A ƙarshen littafin yarinyar ta tsaya gaban jama'a ta ce e, mu ne, ta kwance ƙulli na uku, ta juya guguwa ta ceto sauran jiragen, gari ya zo yana ba da haƙuri. Na rufe littafin ina jin an cuce ni. An wanke tsohuwar ne don da gaske tana da iko kuma ikon ya yi musu rana. Iya fa? Ba ta da guguwar da za ta kira, kaskon suya kawai gare ta. Ko ni ce na ɗora wa littafin yara kayan da ba nasa ba?

Baban Ummi, Unguwar Dosa:
Wa alaikumus salam. Anti, tambaya ɗaya kafin a yi nisa: kin mayar mata da littafin?

Anti Malama, Kawo:
Yana ƙarƙashin filona. Tun shekaranjiya gaisuwa kawai take min, ita ma a tsaye.

Ɗan Rigasa:
Allah ya jiƙan yaron. Amma Anti kada littafin Bature ya sa mu ƙaryata abin da muka gada. Maita gaskiya ce. Ni da idona na ga Sarkin Mayu ya sa wani mutum ya amayar da ƙanƙara a ƙauyenmu, 'yan duwatsu masu ƙyalli, kuma yarinyar da ya kama ta tashi ta sha kunu a ranar. Kuma me ya sa yaron bai kira kowa ba sai ita? In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Kin ba mu labarin Iya, uwar yaron fa?

Sista, Barnawa:
Anti, wace shekara ce, kuma wane lokaci? Kin tuna yadda ciwon yaron yake?

Anti Malama, Kawo:
Ina aji uku na firamare, 1996 ke nan. Da bazara ne, don a waje muke kwana. Abin da na riƙe shi ne wuyansa ya ƙage, kansa ya koma baya, yana ta ihu kansa zai tsage.

Sista, Barnawa:
Innalillahi. Anti ai kin faɗi sunan ciwon da bakinki. Bazarar 1996 ce aka yi babbar annobar sanƙarau a Arewa, sama da mutum 100,000 suka kamu a ƙasar nan, sama da 11,000 suka rasu. Ba zan yanke hukunci kan mara lafiyar da ban gani ba, amma wuya ya sanƙare, ciwon kai mai tsanani, zazzaɓi, lokacin zafi, gidan haya mai cunkoso, duk ma'aikacin asibiti abin da zai fara zuwa masa ke nan. Ciwon yana kumbura rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake sambatu. Awannin da aka ɓata ana tsallake, su ne awannin da ake buƙata a kai shi a fara allura.

Ɗan Rigasa, ka ce me ya sa ya kira ta. Yaron da kullum da safe ake ba shi kwano a ce je wurin Iya, wa kake so ya kira? Na sha tsayawa kan yaran da zazzaɓin cizon sauro ya hau musu kai. Wani malamin makarantar allo yake kira, wani akuyar gidansu. Ba a taɓa cewa akuya ta tsallake ba.

Ɗaya ɓangaren da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne tsofaffi masu gigin tsufa. Ƙwaƙwalwa ta tafi, ta fita cikin dare ta ɓata, a tsince ta a wata unguwa ba zani sosai, a taru a kanta ana ke ce kika ci wane, ta ce e. Komai ka tambaye ta e za ta ce. Sai a ɗauka a waya a ce mayya ta tona kanta. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa, kuɗin Keke ne daga cikin gari.

Ɗan Rigasa:
Ƙanƙarar fa Sista? Ita ma sanƙarau ce?

Baban Ummi, Unguwar Dosa:
Ɗan'uwa, na ga mai wasan dabo ya zaro reza goma daga bakinsa a tashar Kawo. Ban ce Sarkin Mayunku ɗan dabo ba ne. Abin da nake so ka amsa min: ka taɓa jin an tuɓe wata Hajiya a Unguwar Rimi ta tsallake yaro? Kullum gwauruwa ce, ko juya, ko baƙuwar da ba ta da dangi a kusa. Mai kuɗi in an zarge shi sai dai a ce kuɗin tsafi ne a bayan idonsa, gobe a je gaisuwa.

Malam, Tudun Nupawa:
Bismillah. Abubuwa uku ake cakuɗawa, a raba su.

Sihiri tabbatacce ne. Yana cikin Baƙara aya ta 102, ƙissar Haruta da Maruta, kuma Annabi (SAW) ya lissafa shi cikin abubuwa bakwai masu halakarwa. Kambun ido shi ma hadisi ya tabbatar. Amma ku duba yadda aka yi da ya faru tsakanin sahabbai: Amiru bin Rabi'a ya yaba jikin Sahlu bin Hunaif bai sa albarka ba, Sahlu ya faɗi. Aka yi wa Amiru faɗa, aka ce ya yi wanki, aka zuba wa Sahlu ruwan, ya miƙe. Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa. Ba a tara gari ba, ba a kore shi ba, ba a ce zuriyarsa ba ta auruwa ba. Na uku shi ne abin da Bahaushe ke faɗa, cewa akwai dangin da ke tsotson maita a nono, su kama kurwa su ɓoye a tulu ko ƙarƙashin murhu, wanda ya gada ta wajen uba kuma yana gani amma ba ya ci. Wannan tsarin na gargajiyarmu ne. Abin da aka yi wa tsohuwar nan zalunci ne, tsiraita mace kaɗai ya isa laifi, ga Hujurati tana cewa sashen zato zunubi ne.

Amma Malama, ni inda littafin ya dame ni ba ƙarshensa ba ne, farkonsa ne. Kin ce tana ƙulla igiya ta hura. Me muke neman tsari da shi kowace safiya a Falaƙi in ba masu tofi a cikin ƙulle-ƙulle ba? Littafin ya ɗauki wannan aikin ya yi masa ado, ya sa yarinya 'yar 16 ta kwana tana fatan a kwance ƙulli na uku. Ban ce za ta kafirta ba. Na ce zuciya tana sabawa da abu.

Auta, KASU:
Malam Allah ya ƙara lafiya, a yi min afuwa in sa baki cikin manya. Na karanta irin waɗannan sun fi 20 tun ina sakandare, ban taɓa ɗaukar igiya na hura ba, kuma ban san wadda ta yi ba. Mun san ƙarya ce. Wadda za ta je wurin boka a ajinmu ba mai karanta littafi mai shafi 400 ba ce, mai neman a mallake mata saurayi ce, kuma ba Bature ne ya nuna mata hanya ba.

Abin da ke jan mu daban ne. Yarinya ce da ba a cewa ta yi shiru. Tana magana manya su saurara, ko da don tsoro ne. A gida ko wace tashar za a kalla ba a tambayarka. Anti, ni ƙarshen da kika tsana shi nake jira in na ɗauki irin littafin nan. In tsohuwar ta mutu a wulaƙance yarinyar ta rasa miji, to me na gudo na bari?

Malam, Tudun Nupawa:
'Yata, na ji, kuma maganar boka kin yi gaskiya. Amma ke kin kai jami'a da Falaƙi da Nasi a bakinki. Ba kowace yarinya ba ce haka.

Malamin Adabi, Malali:
Bari in shigo ta ƙofar da na fi sani. Rabin rigimar nan ta fassara ce. Kalmar da ke bangon littafin mun saba juya ta mu ce mayya, amma kakar da Anti ta siffanta ba ta cin kurwa. Tana karɓar haihuwa, tana haɗa saiwa, tana sayar da asiri. A Hausa ungozoma ce mai taɓa bokanci. Boka sana'a yake yi, ana zuwa wurinsa da kuɗi, har a yi masa kirari. Maye kuwa ba sana'a ba ce, jini ne, kuma ba wanda ke zuwa wurinsa neman komai. Da an rubuta bokanya a bango, da Anti ba ta ƙwace da sauri haka ba. Sayar wa masu jirgi iska a ƙulli uku kuma tsohon camfi ne na bakin tekun arewacin Turai, ba marubuciyar ce ta ƙirƙira ba.

Su ma sun yi nasu tsallaken, har ya fi namu muni. Tsakanin wajen 1450 zuwa 1750 an kashe mutum 40,000 zuwa 60,000 a Turai kan wannan zargi, mafi yawansu mata, kuma a gaban alƙali, da takarda da sa hannu. A Salem ta Amurka, 1692, 'yan mata ne suka fara faɗuwa suna kiran sunaye, kamar yaron gidan su Anti. Aka zargi sama da 200, aka rataye 19, aka danne wani tsoho da duwatsu har ya mutu. Cikin matan da aka fara nunawa akwai baiwa da kuma wata mai bara. Baban Ummi ka ji naka. Ingila ta yi doka a 1735 da ta daina hukunta mutum a kan maita, ta koma hukunta mai da'awar yana da ita. Kusan shekara 300 ke nan kalmar ba ta kai kowa igiya a can, shi ya sa ta zama abin wasa, yara na sa hular a biki. A wurinmu wutar ba ta mutu ba. Marubuciyar ba ta san za a karanta ta a Kawo ba.

Batun ko yara su karanta labarin abin al'ajabi kuwa, mun makara. Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tun 1934 suke, daga gasar da aka shirya a Zariya, cike da aljanu, kuma a aji aka karantar da mu su. Kafin su akwai Dodo da Gizo a bakin kakanninmu.

Malam, Tudun Nupawa:
Aljani halittar Allah ne, sura guda gare shi. Kada a haɗa min shi da mai tofi a ƙulli.

Malamin Adabi, Malali:
Na karɓa, Malam. Na yi gaggawa a nan.

Maman Alheri, Sabon Tasha:
Salama gare ku. Mu ma a coci wannan gardamar muke yi. Wasu iyaye ko ganin irin bangon nan ba sa so, suna kawo Fitowa 22:18 da labarin matar Endor da Saul ya je wurinta. Amma abin da ya fi ba ni tsoro a wajenmu yara ake nunawa, ba tsofaffi kaɗai ba. Maraya ya zo zama gidan kawu, kasuwa ta tsaya, sai a ce an sa shi ƙungiyar asiri, a kai shi addu'ar dare a hana shi abinci sai ya amsa. A Akwa Ibom abin ya kai sai da jiha ta yi doka a 2008 ta haramta kiran yaro maye. Ni na bar 'yata ta karanta, amma tare muke, babi babi, ina tambayarta me ta gani.

Barista, Unguwar Sarki:
Abin da mutane ba su sani ba, kundin hukunta laifuka na Arewa, wato Final Kod, da ya fara aiki a 1960, sashe na 216, ya sa laifi a kan wanda ya ce shi maye ne, da kuma wanda ya zargi wani da maita ko ya yi barazanar zarginsa. Ɗauri har shekara 2. Kudu suna da irinsa a sashe na 210 na nasu kundin. Wato ranar da aka tuɓe Iya, duk wanda ya buɗe baki a tsakar gidan ya taka doka. Matsalar wa zai kai ƙara? Mai ƙosai za ta kai unguwa guda kotu ta dawo ta kwana a cikinsu? A Gana sai da aka kashe wata tsohuwa 'yar shekara 90, Akua Denteh, a bainar jama'a a 2020, hoton ya zagaya duniya, kafin majalisarsu ta zartar da ƙudiri a 2023. Har yanzu akwai sansanonin matan da aka kora a arewacin ƙasar, irin na Gambaga.

Marubuciya, Badarawa:
Anti kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ina rubutu a WhatsApp da Wattpad, kuma na gwada labarin da kike nema. Uwar miji ce aka zarga, na yi ta jan masu karatu har suka tsane ta, a ƙarshe na nuna ba ta yi komai ba, jikokin amosanin jini ne ke kashe su, iyayen ba su yi gwaji kafin aure ba. Zo ki ga sharhi. Wai na ɓata musu lokaci, wai ina asirin da ya kamata ya tonu, wata ta ce in mayar mata da kuɗin katinta. Masu karatunmu sun saba mayya ita ce kishiya ko uwar miji, a ƙarshe malami ya yi ruƙiyya ta haukace ta bi bola. A finafinai ma haka. To kin ga Baturiyar ta ba ta iko ta zama gwarzuwa, mu mun ba ta iko ta zama shaiɗaniya. Wadda ba ta da komai, ba mai sayen labarinta.

Auta, KASU:
Anti Marubuciya turo min shi don Allah. Amma ki faɗa min tun yanzu in akwai kuka da yawa.

Ɗan Rigasa:
Ni dai duk kun taru a kaina. Ban ce a tuɓe kowa ba. Amma tafarnuwar da ke aljihuna tana nan.

Anti Malama, Kawo:
Na gode muku duka. Sista, tun da kika rubuta kalmar sanƙarau nake zaune, shekara kusan 30 ban taɓa haɗa abin da allurar da aka zo aka yi mana a makaranta a watan ba.

Bayan magariba na kira Hajiyarmu na tambaye ta Iya. Ta yi shiru, ta ce me ya tono wannan. Ta ce Iya ba ta kai shekara biyu ba ta koma garinsu, can ta rasu. 'Yar kuma wani kawunta ya ɗauke ta ya aurar a Jos, inda ba a san labarin ba. Sai ta ce min abin da ban taɓa sani ba: duk tsawon lokacin nan ita ce ke kai wa Iya tuwo bayan isha'i, a ɓoye cikin hijabi, ko Babanmu bai sani ba. Na ce to Hajiya ashe ba ki yarda mayya ce ba. Ta ce ita ba ta ce ba. Na ce to me ya sa kike kai mata? Ta ce maƙwabciya ce, yunwa take ji. Na ce da ta ba ni ƙosai za ki bari in ci? Ta ce a'a, kuma in daina yi mata tambayar 'yan jarida, katinta nake ƙonawa. Ni na kira ta fa.

Littafin na mayar wa yarinya ɗazu. Malam, na bi shawarar Maman Alheri da taka a haɗe, na sa ta karanta min Falaƙi da fassara, na ba ta labarin Iya har da abin da na riƙa rerawa. Ta ce Anti ke? Sai ta ce in yi sauri in sake ta, saura babi uku, kuma mutum huɗu ke layi a ajinsu.

Baban Ummi, Unguwar Dosa:
A sa ni na biyar. Ina shago a Kasuwar Barci har ƙarfe shida, layin masu ɗinki.

Malam, Tudun Nupawa:
In ya gama a miƙo min. Ba zan ci gaba da sukar abin da ban karanta ba. Amma a sa masa bangon takarda, kada ɗalibai su gan ni da shi.